Damben ramuwa a ajin masu nauyi: me ya kayar da shi a karon farko?

Da zarar an sa ranar karo na biyu tsakanin manyan 'yan damben boksin, magana ɗaya ce ke zagaya gidajen kallo na Kaduna, daga Tudun Wada har Kawo: "Ai yanzu ya gane shi." Wai wanda aka doke ya ɗanɗani hannun abokin karawarsa, ya koma ya zauna da kocinsa, don haka wannan karon sai ya rama. Maganar tana da daɗin ji, balle in wanda aka doke ɗin naka ne. Abin da ake mantawa shi ne, shi ma wanda ya ci ɗin ya gane shi, tunda tare suka yi turamen nan a fage ɗaya. Saboda haka mai son yin hasashe na gaskiya ya ajiye zancen wa ya fi jin haushi, ya koma ya sake kallon karon farko da tambaya ɗaya a ransa: me ya kayar da mutumin nan, kuma abin yana gyaruwa cikin wata shida ko kuwa?

Kafin nan akwai wata matsala da ke idonmu mu da muka tashi da damben gargajiya. A dambenmu kisa ake nema. Hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare, makaɗi ya canja kiɗa. Idonmu ya saba da jiran naushi ɗaya. Boksin kuwa turmi 12 ne a damben kambu, kowane turmi minti 3, da hutun minti ɗaya a tsakani, ga alƙalai uku a gefe suna rubutu. Wanda ya ci turmi ya samu maki 10, ɗayan 9, in an kai shi ƙasa yawanci 8. Mutum zai iya faɗuwa sau uku ya tashi, kuma a ƙarshe a ɗaga hannunsa. Mai ƙarfin hannu daƙiƙa ɗaya yake nema a cikin minti 36, mai dabara kuwa mintocin 36 ɗin yake so ya mallake. Mu a nan zuciyarmu tana karkata ga na farkon, shi ya sa hasashenmu ke yawan faɗawa rami.

Ɗan ƙasarmu Samuel Peter ya nuna mana wannan tun da daɗewa. A watan Satumba na 2005 ya kai Wladimir Klitschko ƙasa har sau uku a Amurka, amma alƙalan uku duk suka ba Klitschko 114 da 111, don kusan duk turamen da bai faɗi ba shi ya ci su da dogon hannunsa na gaba da runguma. Da suka sake haɗuwa a Jamus a 2010, masu tuna faɗuwa ukun nan sun sa rai. Peter bai ko samu kusantar haɓarsa yadda ya kamata ba, aka gama da shi a turmi na 10. Faɗuwa ukun ita ta zauna a ƙwaƙwalwar 'yan kallo, alhali sauran turamen ne suka faɗi yadda karo na biyu zai kasance.

Shan kashi iri-iri ne. Akwai wanda sakaci ke jawowa, kuma shi ne mafi sauƙin gyara. Lennox Lewis ya je Afirka ta Kudu a Afrilun 2001 a makare, jikinsa bai saba da iskar tudun da ke kusa da Johannesburg ba, ya raina Hasim Rahman, naushin dama ɗaya ya shimfiɗe shi a turmi na 5. Wata bakwai bayan nan a Las Vegas ya shimfiɗe Rahman a turmi na 4. Tun kafin su, a 1936, Bajamushe Max Schmeling ya lura Joe Louis yana sauke hannun hagu bayan ya kai naushin gaba, ya yi ta aika dama ta wannan ƙofa har ya gama da shi a turmi na 12. A 1938 Louis bai ba shi lokacin neman ƙofar ba, minti 2 da daƙiƙa 4 aka tashi.

Wanda mu a Kaduna muka fi ji a jikinmu shi ne na Anthony Joshua, wanda muke ɗauka ɗan gida saboda tushensa na Sagamu a jihar Ogun. Ranar 1 ga Yuni 2019 a New York, Andy Ruiz, wanda aka kawo a ƙurarren lokaci ya maye gurbin Jarrell Miller da aka kama da ƙwayoyin ƙara kuzari, ya kai Joshua ƙasa sau huɗu aka tsayar da wasa a turmi na 7. Wanda ya kalli sakamakon kawai zai ce an fi ƙarfin Joshua. Amma a duba turmi na 3 da kyau. Joshua ne ya fara kai Ruiz ƙasa. Da Ruiz ya tashi, sai Joshua ya afka masa da zumuɗin gamawa, ya tsaya ƙirji da ƙirji da mutumin da ya fi shi saurin hannu a kusa, naushin hagu ya same shi ta wajen kunne, ƙafafunsa suka daina jin maganarsa har ƙarshen wasan. Laifin a fili yake, maganin ma a fili: dogo ya tsaya a nesa. Ran 7 ga Disamba a Diriyya ta Saudiyya abin da ya yi ke nan. Ya rage wajen kilo 5, Ruiz kuwa ya hau sikeli da ƙarin kusan kilo 7, ya haura kilo 128. Joshua ya yi ta zagaya shi yana tsikararsa da hannun gaba, in ya matso ya rungume shi, alƙalai biyu suka ba shi 118 da 110, ɗaya 119 da 109. Wasu a gidan kallo sun yi ta tsaki wai gudu ya yi. Ni dai ban ga laifin gudun da ya dawo da kambu ba. Ruiz da bakinsa ya amsa cewa shagali ya hana shi atisaye.

To, wannan nasarar ce ta ruɗe mu bayan shekara biyu. Da Oleksandr Usyk na Yukren ya doke Joshua a filin Tottenham da ke Landan ran 25 ga Satumba 2021, sai aka ɗauko tsohuwar magana: ai ya taɓa ramawa, zai sake. Ba a lura cewa wannan kayen wani iri ne daban ba. Babu naushi ɗaya da za a nuna a ce nan ne aka yi kuskure. Turmi bayan turmi aka riƙa fin sa, alƙalai suka rubuta 117 da 112, 116 da 112, 115 da 113, kuma a turmin ƙarshe igiya ya jingina da ita yana shan duka.

Ya kamata a tsaya a ga abin da Usyk ke yi wa manyan mutane, don a nan ne asirin yake. Bahago ne, ƙafar dama da hannun dama ne a gaba. Idan bahago ya fuskanci na-dama, ƙafafunsu na gaba suna kallon juna, kuma duk wanda ya sa tasa ta waje shi ke da hanya miƙaƙƙiya ta aika hannunsa na baya. Usyk ba ya gajiya da satar wannan taku. Hannunsa na dama kuma ba ya hutawa: yana taɓa safar abokin karawa, yana danne ta, yana yi kamar zai kawo duka ya fasa. Kansa yana motsi, kafaɗarsa tana motsi. Kowace irin wannan zolaya tana sa babban mutum ya ɗaure jiki ya shirya tare naushin da ba zai zo ba. Mai kilo 110 da ya ɗaure jiki ya saki sau ɗaruruwa, kafin turmi na 8 numfashinsa ya fara guntulewa ko da ba a taɓa shi sosai ba. A talabijin ba a ganin wannan gajiyar tana taruwa, sai dai kawai a ga mutum ya fara buɗe baki, hannayensa sun sauka. Ga shi Usyk daga ajin da ke ƙasa ya hauro, inda ya haɗe dukkan kambuna huɗu a 2018, ya zo da saurin ƙananan mutane da numfashinsu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Joshua ya yi duk abin da ake cewa a yi. Ya rabu da kocinsa Rob McCracken ya ɗauko Robert Garcia, ya zo Jidda ran 20 ga Agusta 2022 da niyyar dukan ciki da matsa lamba. Kuma ya fi na farko kyau, wannan gaskiya ne. A turmi na 9 ya samu Usyk a haƙarƙari, ya bi shi da duka har gidajen kallo suka kaure da ihu. Sai aka buga ƙararrawar turmi na 10, Usyk ya fito kamar yanzu aka fara, ya mayar masa da duk abin da ya ci har da riba, ya kuma riƙe ragamar wasan zuwa ƙarshe. Joshua ya zuba duk abin da ke tankinsa a minti uku, ɗayan kuwa yana da saura. Alƙali ɗaya ya ba Joshua 115 da 113, biyu suka ba Usyk. Sabon koci yana iya gyara tsayuwa da inda ake ajiye hannu, amma ba ya sauya wa mutum huhu da ginin jiki cikin wata 11.

Da a nan maganar ta tsaya da hasashe ya yi sauƙi: wanda sakaci ya kayar zai rama, wanda aka fi dabara ba zai rama ba. Sai dai akwai 'yan damben da ke da salo biyu a aljihu, kuma su ne ke ɓata lissafi. Evander Holyfield ya sha kashi a hannun Riddick Bowe a 1992 saboda ya tsaya musayar duka da wanda ya fi shi girma. A 1993, da koci Emanuel Steward a kusurwarsa, ya riƙa shiga yana fita, Bowe kuma ya zo da ƙarin kilo 5, Holyfield ya karɓe kambunsa da maki. Dabarar tana jikinsa tun farko, zuciya ce ta hana shi amfani da ita.

Tyson Fury ya yi irin wannan, sai dai a juye. A Disambar 2018 ya yi wa Deontay Wilder wasan nesa, yana kaucewa yana zolaya, ya ci yawancin turame a idon mutane da yawa, amma Wilder ya kai shi ƙasa a turmi na 9 da na 12, aka tashi canjaras. Kowa ya ɗauka karo na biyu haka zai kasance: Fury yana gudu, Wilder yana farautar daƙiƙarsa ɗaya. Fury ya ce shi zai bi Wilder ya kayar da shi, aka ɗauka cika baki ne. Ashe abin da ya gano a turmi na 12 ne, bayan ya tashi daga faɗuwar nan ya tasam ma Wilder, ya ga mutumin bai iya dambe yana ja da baya ba. Naushin damansa yana buƙatar fili da ƙafar da ta kafu. Fury ya koma wajen koci SugarHill Steward, ya ƙara fiye da kilo 7, ran 22 ga Fabrairu 2020 ya taka Wilder tun daga ƙararrawar farko, yana dukansa yana jingina masa nauyinsa. Ya kai shi ƙasa a turmi na 3 da na 5, a na 7 aka jefo tawul daga kusurwar Wilder. Mu nan gari ya kusa wayewa lokacin, masu fitowa daga masallaci suka tarar da labari. Darasin hasashe a nan shi ne a tambayi wane ne cikin biyun yake da wani abin da bai nuna ba tukuna. Wilder hannun dama ɗaya ya kawo a karon farko, shi zai sake kawowa. Fury yana da zaɓi.

Wannan ya kawo mu ga karon da ya fi kowanne wahalar hasashe a 'yan shekarun nan, Usyk da Fury. Ran 18 ga Mayu 2024 a Riyad, Usyk ya ci da rabuwar kan alƙalai: 115 da 112, 114 da 113, ɗaya kuma ya ba Fury 114 da 113. Wanda ya iya lissafi zai ga cewa da ba a ƙirga wa Fury faɗuwa a turmi na 9 ba, lokacin da igiya ce kaɗai ta riƙe shi, da canjaras aka tashi. Ga kuma tsakiyar wasan, inda Fury ya riƙa samun Usyk da naushin da ke tasowa daga ƙasa, har ya girgiza shi a turmi na 6. Don haka masu cewa Fury zai rama ba shirme suke yi ba. A ganinsu kayen irin na Lewis ne: mutum yana gaba, ya tsaya wasa da 'yan kallo, naushi ɗaya ya ɓata masa dare. Kuma shi ne mutumin da ya taɓa canja salo ya ci ramuwa.

A wani teburin mai shayi a Unguwar Rimi, ana saura kwana ɗaya karo na biyu, sanyin hunturu ya sa kowa ya rungume kofinsa, wani matashi ya miƙa wa wani dattijo waya yana nuna masa hoton awon Fury.

"Baba, dubi nan fa. Kilo 127 da ɗoriya. Ya fi shi da kilo 25. In ya jingina masa sau biyar ai ƙafafunsa sun mutu."

Dattijon ya kalli hoton ya mayar masa da wayar. "Yaro, a watan Mayu ƙarami ne shi? Wancan da ya jingina wa a Amurka tsayawa yake yi a jingina masa. Wannan kafin ka jingina ya bar wurin."

Dattijon ya taɓo inda maganar take. Faɗuwar turmi na 9 ba daga sama ta faɗo ba. Tun a turmi na 8 hagun Usyk ta fara samun hancin Fury, ƙafafun Fury sun rage sauri, kuma abin da ya faru da Joshua ne yake faruwa da shi: gajiyar da zolaya ke tarawa. Naushin da ya girgiza shi ɗan wannan gajiyar ne. Wanda ya karanta wasan haka zai ga cewa ƙarin nauyi ba magani ba ne, ƙarin kaya ne ga huhun da dama shi ne matsalar. Dabarar da ta yi aiki a kan mai hannu ɗaya da ba ya iya ja da baya, an ɗauko ta za a gwada a kan wanda duk sana'arsa ita ce sauya wuri. Ran 21 ga Disamba 2024 Fury ya daina wasa da 'yan kallo, ya yi dambe da natsuwa, bai faɗi ba, ya fara da kyau. Rabin wasan na biyu kuma ya koma hannun Usyk kamar yadda ya saba, alƙalan uku duk suka rubuta 116 da 112. Tazarar ta ƙaru maimakon ta ragu.

Akwai wata alama da ba ta buƙatar sanin dambe sosai, kunne kawai take so: a saurari abin da wanda aka doke yake faɗa. Joshua bayan Ruiz bai kawo uzuri a bainar jama'a ba, ya koma ya sauya jikinsa da salonsa. Wilder bayan karo na biyu ya ɗora laifi a kan nauyin kayan adon da ya sa ya shigo fage, ya kuma sallami mai horar da shi Mark Breland da ya jefa tawul. A karo na uku, a Oktoban 2021, ya nuna zuciya, har ya kai Fury ƙasa sau biyu a turmi na 4, amma matsalar tana nan inda take, aka gama da shi a turmi na 11. Fury bayan karon Mayu ya ce shi ya ci, har ya yi shaguɓen cewa tausayin yaƙin ƙasar Usyk ne ya yi tasiri. Wanda ya yi imani shi ya ci, me zai gyara? Haka magoya bayan Daniel Dubois suka shekara biyu suna cewa naushin da ya durƙusar da Usyk a Poland a 2023 halal ne, ba ƙasa da ɗamara ya sauka ba, rafali ne ya cece shi. Dubois ya zo karo na biyu a filin Wembley na Landan a Yulin 2025 da ƙarfin gwiwar wanda ya shimfiɗe Joshua a wannan filin. Karon farko ya kai turmi na 9, na biyu a turmi na 5 aka tashi.

Abu ɗaya ne ke iya rushe duk wannan lissafin, shi ne lokaci. Idan tazara ta yi tsawo, mutanen da suka dawo fage ba su ne na farkon ba ko da sunayen ba su canja ba. Joe Frazier ya doke Muhammadu Ali da maki a Maris na 1971, lokacin Ali bai daɗe da dawowa daga dakatarwar fiye da shekara uku ba. Kafin su sake haɗuwa a Janairun 1974, George Foreman ya riga ya yi wa Frazier kaca-kaca a Jamaika, Ali kuma ya yi dambe da yawa ya dawo da ƙafarsa, ya kuma koyi riƙe wuyan Frazier duk lokacin da ya kutso. Ali ya ci. Tsufa kuma ba ya yi wa salo biyun adalci iri ɗaya. Ƙarfin hannu shi ne na ƙarshen barin ɗan dambe, Foreman yana da shekara 45 ya shimfiɗe Michael Moorer a 1994 bayan an fi shi maki kusan duk daren. Ƙafa da saurin ido su ke fara tafiya, kuma su ne jarin mai dabara.

Don haka in aka ce min gobe za a yi karo na uku tsakanin Usyk da Fury, ko Usyk da Joshua, ba zan ɓata lokaci a kan sikeli ko sunan sabon koci ba. Turmi 24 kowannensu ya yi da Usyk, kuma a duka karon huɗu rabin wasan na biyu nasa ne. Usyk zan ba, da maki. Abin da kawai zan tsaya dubawa shi ne wasansa na baya-bayan nan, daga turmi na 8 zuwa sama: ƙafar daman nan tana satar taku ta waje kamar da, ko ta fara makara? An haife shi a Janairun 1987. Ranar da ƙafar ta makara da rabin taku, babban mutum mai nauyin hannu zai same shi a tsaye a inda da ba ya samunsa.